Ƙafar Angarib ɗin Malam Idi

Wautata ce, kuma gara ku ji ta daga bakina kafin wani ya ƙara mata gishiri. Har yau ranar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da na kusa hana a kai aminina makwancinsa a kan gadonsa, saboda wani ƙarfe da bai kai kan akuya girma ba.

Ku da kuka shigo warsha, wato shagonmu na kafinta, kwanan nan, kun tarar da ni tsoho mai ba da shawara. To, ba haka nake ba. Ni Hamidu, karatuna bai wuce allo biyu ba, su ma malam ne ya gaji ya wanke. Da gizago da guduma na girma a hillarmu, wato ƙauyenmu, nan gefen garin Abu Hujar. A tsarin warsha, usta shi ne babba, shi ke karɓar aiki ya raba. Ƙarƙashinsa sai mu kafintoci. Ni na girmi Usta Babikir nesa, na ma halarci sunansa, amma shi ya yi aiki a birnin Damazin ya san injuna, don haka shi ne gaba.

Shi ya kawo mana darbakin mai batir, wato injin huda katako da ɗaura sukuru wanda ba ya buƙatar waya. Ranar da ya kawo shi, ya tara mu bayan fatur, wato karin kumallo, ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce a naɗe hannun jallabiya, a soke jelar rawani, don abin da ke juyawa ba ya tambayar na wane ne. In za a canja bunɗa, wato tsinken hudar, a fara cire batir. Katako mai tauri a huda masa ƙaramin rami kafin sukuru ya shiga. A daddafe aikin da matsi, ƙarfen nan da ke riƙe katako gam, a riƙe injin da hannu biyu. Sannan ya nuna wani zobe mai lambobi a wuyan injin, ya ce shi ke iyakance ƙarfinsa, a fara da ƙaramar lamba.

Ni ina gefe ina kurɓar shayi. Na ce, “Ya Usta, wanga abu mai kukan sauro shi za ya koya mini katako?” Aka yi dariya. Dariyar ta yi mini daɗi har ban ji rabin bayanin ba.

Wata Alhamis cikin kaka, Usta ya tafi kasuwa sayen katako, ni kaɗai a warsha. Da hantsi sai ga Usman, babban ɗan Malam Idi, da angarib a kan keken jaki. Ina ganin fuskarsa na gane. Malam Idi manomin albasa ne a bakin kogi, tare muka yi ƙuruciya, ya daɗe yana jinya.

Usman ya ce, “Baba Hamidu, tsohon ya cika ɗazu. Bayan azahar za a kai shi. Inna ta ce ba za a ɗauke shi a kan angarib ɗin masallaci ba, sai a kan nasa. Amma ƙafa ɗaya tana rawa.”

Ga wanda ba ɗan nan ba: angarib gadon katako ne da ake saƙa wa igiya. A kansa ake haihuwar mutum, a kansa yake barci, a kansa kuma maza ke ɗaukarsa a kafaɗa zuwa maƙabarta. Wannan kuwa ni na sassaƙa shi da hannuna lokacin auren Idi da Hajja Ta-Sallah, da itacen bagaruwa, wanda muke ce wa sunut. Sunut in ya shekara ya bushe, ƙusa ma lanƙwashewa take a jikinsa.

Gyaran da na sani tun ina yaro mai sauƙi ne: a fere ɗan tsinke a buga a mahaɗar, a ja igiya. Da na yi haka, da kafin shayi ya huce na gama. Amma mutum huɗu sun biyo Usman suna tsaye a bakin ƙofa, ga darbakin a kan tebur. Shaiɗan ya ce mini, Hamidu, nuna musu kai ma ɗan zamani ne.

Na ɗauko sukuru mafi tsawo. Na murɗa zoben nan har ƙarshe, a tunanina babbar lamba ita ce ta manya. Ban huda rami ba, ban sa matsi ba, gwiwa na sa na danne gadon, na riƙe injin da hannu ɗaya kamar mai miƙa goro. Na danna.

Sukurun ya shiga kamar gaɓar yatsa biyu ya cije. Da ya cije, sai injin ya juya da kansa, ya murɗe mini wuyan hannu har na ji a haƙorina. Sannan na ji ƙas! Kan ƙafar ya tsage, tsaga mai tsawon tafin hannu, daidai inda sandar gefe take shiga.

Usman ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya ce a hankali, “Baba, in gaya wa Inna a ɗauko na masallaci?” Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ana haka motar kasuwa ta sauke Usta. Ya shigo, ya ga gadon, ya ga hannuna da ya fara kumbura, ya ga zoben injin. Bai tambayi kowa komai ba. Ya juya ga mutanen ya ce, “Ku je ku taya haƙa. Angarib zai iso kafin kiran salla, in sha Allah.” Sai da suka ɓace ya rufe ƙofa.

Ya ce, “Ya Ammu,” wato baffa, “mi kay yi haka?”

Na ce, “Abin da ka hana, duka, ban bar ko ɗaya ba.”

Ya ce, “Malesh, ba komai. Soke rawaninka. Kai ka sassaƙa shi, kai za ka gama shi. Ni hannunka na dama ne kawai yau.”

Ya nuna mini ɗan maɓallin da ke sa injin ya juya baya, sukurun da ya cije ya fito salin-alin. Muka ɗura gam a tsagar, muka ɗaure da matsi har bakinta ya haɗe. Ya cire batir, ya sa siririyar bunɗa, ya naɗa mata ɗan zare daidai zurfin da muke so, ya mai da batir. Na kama da hagu, shi ya tallafe bayan injin da nasa hannun.

Ya ce, “Kar ka tura da ƙarfi. Miƙe shi sak, ka bar shi ya ci da kansa. In gari ya cika ramin, ja baya ka sake shiga.”

Rami biyu muka huda a gicciye da tsagar. Ya sake cire batir ya sa tsinken ɗaura sukuru, ya mai da zoben ƙaramar lamba. Sukuru na farko ya shiga, kafin ya ƙarasa injin ya yi tar-tar-tar ya daina juya shi. Na zabura na ce na sake ɓatawa. Ya ce, “A’a, gaya maka yake ya kai iyakar da ka sa masa. Ƙara lamba ɗaya.” Haka muka bi har kan sukurun ya kwanta daidai da katako. Gam ba zai bushe kafin azahar ba, don haka na naɗe wurin da igiya irin naɗin da na koya tun a hannun ubana. Usta ya hau gadon ya zauna da ƙarfi sau uku. Bai motsa ba.

Aka sallaci Idi, aka ɗaga. Maza suna karɓa-karɓa a hanya kamar yadda aka saba, kowa ya sa kafaɗa ya samu lada. Ni ban iya ba, hannun ya ƙi ɗaguwa. A baya na bi, mutane suna salati, ni idona yana kan ƙafa ɗaya tun daga ƙofar gida har bakin kabari. Ta riƙe. Amma aminina na shekara da shekaru, ko taku ɗaya ban ɗauke shi ba.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. Injin nan ba ya wasa, ba ya kuma mugunta; iyakar da ka sa masa ita yake bi. Ku huda kafin ku ɗaura, ku fara da ƙaramar lamba. In kuma wani ya yi ɓarna a gabanku, ku fara sallamar ’yan kallo kamar yadda Usta ya yi mini.

Bayan kwana uku na shiga yi wa Hajja Ta-Sallah gaisuwa. Tana zaune a kan angarib ɗin. Idonta ya yi rauni, amma na ga yatsunta suna shafa igiyar, har suka tsaya a kan sukurun nan biyu. Ba wanda ya gaya mata komai. Ta yi ɗan murmushi ta ce:

“Hamidu, dama Malam ya sha gaya mini, kowane aiki sau biyu kake yinsa: na farko don a gan ka, na biyu don ya zauna.”