Yarjejeniyar da Ban Zartar Ba

Ina kwance a ɗakin Umma, ina dab da gama wani littafin soyayya, Kawu Lawan, ƙanen Abba, ya yi sallama. Bai shigo da rahar da ya saba ba. Ya tsaya bakin ƙofa rungume da jakar Abba, ya ce wa Umma, "Yaya Binta, sai haƙuri. Bam ɗin da ya tashi a tasha ɗazu, har da Yaya." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Umma ta zauna nan inda take tsaye. Ni kuwa yatsana na cikin littafin, na kasa zare shi.

Mahaifina Malam Tijjani ma'aikacin laburare ne a sashen littattafan shari'a. Mutanen unguwarmu Sheshe lauya suka ɗauke shi, shi kuwa sai ya ce, "Ni ba lauya ba ne. Ni nake nuna wa lauya inda doka take kwance." Shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikatan laburare masu kula da dokokin ƙasashen waje da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Ba su da yawa, kowa da garinsa. Wanda ya rasa wata doka a kantarsa, Abba zai aiko wa, don ya san wanda ke da ita. Da rikici ya tsananta sai tambayoyin suka sauya: jaririn da aka haifa a sansanin gudun hijira a ƙetaren iyaka, ɗan wace ƙasa ne? Abba ba ya cin abinci da daɗi sai ya samo inda amsar take.

Da ciwon suga ya ci masa ido, sai muka ƙulla abin da ya kira yarjejeniya. Ba zai hana ni littattafaina ba, ni kuma in riƙa karanta masa saƙonnin 'yan ƙungiya bayan la'asar.

"Mamana, kin amince?"

"To, Abba."

"Wannan 'to' ɗin sa hannu ne kawai. Ƙasashe ma suna sa hannu su koma gida su yi kwanciyarsu. Sai an zartar take zama doka."

Bai taɓa yi mini tsawa ba. In na makara, sai ya leƙo ya ce, "Ya ake ciki, ya aure ta, ko har yanzu kallon juna suke ta taga?" Ni kuma in rufe fuska da mayafi.

Bana Kano ce ya kamata ta karɓi taron ƙungiya, amma 'yan ƙungiyar suka ji tsoro, aka mai da shi Ibadan. Bai ji haushi ba. Cewa ya yi, "Mai tsoro ma ɗan ƙungiya ne." Abokin aikinsa ya buga masa jawabin da zai gabatar kan haƙƙin 'yan gudun hijira. Tunda ba ya ganin rubutu, so yake in ta maimaita masa har ya haddace.

Ranar da abin ya faru, da safe ya ce, "Mamana, yau fa?"

Ban ɗago kai ba. Na ce, "Anjima, Abba."

Ya yi dariya. "An ɗage zama ke nan." Ya lalubi jakarsa, ya ce bari ya je ofis a karanta masa. Bai tashi da niyyar fita ba, ko hula sai da Umma ta miƙo masa.

Umma ta ce ajali ne, kada in sake in ɗora wa kaina. Na yi imani da haka. Amma duk sanda aka kira la'asar, "anjima" ɗin nan nake ji.

Ranar addu'ar bakwai sai ga 'yan ƙungiya a ƙofar gidanmu. Shugabarsu, Madam Bisi, ta riƙe hannun Umma tana kuka, ta ce da 'yar Hausarta, "Mu muka ce ba mu zuwa Kano. Ga shi mun zo, ba shi." Suka roƙa a karanta jawabin Abba a soro, ya zama shi ne taron bana. Kawu ya ciro shi daga jaka yana neman wanda zai ba. Ni da ko gai da baƙo ban iya ba sai idona na ƙasa, na ji bakina ya ce daga bayan labule, "Kawu, ni ce mai karanta masa."

Na karanta. Da na iso wata kalmar Faransanci na tsaya, kamar kullum, ina jira Abba ya gyara mini. Soron ya yi tsit. Na faɗe ta yadda na iya, na wuce.

Abba, na zartar. Na makara, amma na zartar.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Tijjani, ka haskaka kabarinsa fiye da hasken da idonsa ya rasa, ka karɓi shahadarsa da ta waɗanda suka faɗi tare da shi. Ka ba Umma da Kawu dangana, ka riƙa wa 'yan ƙungiyarsa aikin da ya bari, ka dawo mana da zaman lafiya. Ni kuma ka yafe mini, ka sa shi ma ya yafe. Amin.