Yadda Aka Yi wa Kakanmu Kumatu

Kakanmu na wajen uba sau ɗaya aka taɓa ɗaukarsa hoto, lokacin yin katin zaɓe, shi ma sai da mai unguwa ya matsa masa. Siririn mutum ne, baƙi wuluk, idonsa na hagu ya shanye tun yana saurayi da karan dawa ya tsokane shi. A gona ya ƙare rayuwarsa. In rani ya yi, sai ya ɗora wa jakinsa mangala ya yi ta jidar taki.

Ya daɗe da rasuwa sannan Baffana, ƙanin mahaifina mai sayar da kayan gyaran babur a Kano, ya zo da shawarar a kafa ƙungiyar zumunci ta zuri'armu. A riƙa taro washegarin Sallah, a kuma buga kalanda da hoton tsoho a tsakiya. Maƙwabtansa na kasuwa ya ga sun yi, kuma Baffa ba ya iya ganin abu a hannun wani ya yi barci.

Katin yana wurin Inna, kakarmu, a ƙasan kwallarta. Da ƙyar ta bayar. Hoton ya koɗe, ruwa ya taɓa gefe guda. Muka ɗauka ni da Baffa da Gwaggo, yayarsa, muka nufi Dawakin Tofa wurin wani mai hoto da ake ta labarinsa, wai yana da manhajar da take tayar da tsohon hoto ya koma sabo. Ni an tafi da ni ne saboda ina koyarwa a firamare, wai na san kan na'ura.

Mai hoton ya ɗora katin a kan gilashi, ya ɗan danne-danne a kwamfuta, sai ga Kaka ya fito tas. Shi ne, wallahi, har da tamojin goshinsa da yadda yake ɗaure fuska kamar an taka masa shuka. Gwaggo ta rufe baki da mayafi ta fara hawaye. Ni ma sai da na kau da kai.

Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Haka za mu rataye shi a falo?"

Mai hoton ya ce, "Alhaji, faɗi abin da za a gyara. Babu abin da ba ta yi."

"Fara da idon nan. Buɗe shi."

Aka buɗe ido. Gwaggo ta share hawaye ta matso da kujera. Ta ce a ɗan haska shi, ai rana ce ta dafa shi, asalinmu farare ne. Aka haska. Ta ce a ja hancin kaɗan, don an ce muna da jinin Fulani. Ban taɓa jin wanda ya ce haka ba sai ranar. Baffa ya ce a cika kumatun, kada mutane su ɗauka ba mu ciyar da shi ba. Daga nan aka cire 'yar sharar da ke jikinsa aka saka masa babbar riga ta shadda, aka kafa masa hula, aka ba shi carbi da agogo. Da aka zo kan abin da za a sa a bayansa, Baffa ya zaɓi masallacin Madina.

Na ce, "Baffa, Kaka fa bai taɓa wuce Kano ba."

Ya ce, "Yana da niyya. Kai da kake malami ba ka san ana rubuta wa mutum ladan niyya ba?"

Mai hoton ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya ce zai iya sa shi motsi. Ya danna, sai Alhajin da ke cikin kwamfutar ya ƙifta ido, ya juyo, ya yi mana murmushi da haƙora farare reras. Baffa ya yi kabbara.

Ranar taro aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun roba, aka tayar da janareta, aka ɗora babbar talabijin a kan tebur. Aka kawo Inna aka zaunar da ita a gaba. Baffa ya yi dogon jawabi a kan asali da martabar gida, sannan ya ce a kunna.

Inna ta ƙura wa talabijin ido, ta ce, "Wannan wane Alhajin ne? Shi ya ba da shinkafar?"

Baffa ya sunkuya ya ce, "Inna, Baba ne."

"Wane Baban?"

"Mijinki mana."

"Ni dai ban auri wannan ba. Da shi na aura, da ban yi ta surfe har bayana ya ƙage ba."

Ana cikin haka hoton ya juyo ya yi mata murmushi. Inna ta ja da baya ta nemi tsari. Ta ce, "Kashe abin nan. Wanda na sani ko ranar da aka haife ka bai yi wannan fara'ar ba." Matasa suka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga kujera. Baffa ya ce tsufa ne, idonta ya yi rauni, aka ci gaba da rabon kalanda.

Bayan damina na je Rimin Gado sunan ɗan wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare. Ina shiga ɗakin baƙinsu sai ga Kakanmu a bango. Kumatun, hancin, carbin, duk suna nan. Hula ce kawai ta bambanta, shi kuma a Makka aka tsayar da shi.

Na ce, "Wannan fa?"

Abokina ya ce, "Kakanmu ne, Allah ya jiƙansa. Maƙeri ne. A Dawakin Tofa aka gyara mana."

A hanyar komawa na biya ta shagon. Mai hoton ko a jikinsa. Ya ce, "Malam, laifina ne? Kowa ya zo abu ɗaya yake nema: a haska, a ƙara ƙiba, a ja hanci. In an gama sai ka ga mutum ɗaya ne. Har daga Zakirai an zo an tafi da shi."

Na tura hoton na Rimin Gado a zauren WhatsApp na zuri'a, ina jiran Baffa ya ji kunya. Can sai ga saƙon muryarsa. Ya ce Allahu Akbar, dama tun yana yaro yake jin cewa Baba yana da wani ɗan'uwa da ya yi yamma aka daina jin ɗuriyarsa, ga shi Allah ya bayyana. Jini ba ya ɓuya, in ji shi, duk mai ido ya ga kama.

Da Sallah ta zagayo aka gayyaci dangin abokina, suka zo mota guda har da tsarabar lauje da fartanya. Abokina ya san gaskiya, ni ma na sani, muka zauna gefe muna cin waina muna kallon dattawa suna rungumar juna suna kuka. Kafin la'asar aka haɗe gidajen biyu a ƙungiya ɗaya, aka zaɓi Baffa shugaba ba hamayya.