Tafintan da Na Aura

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Dakta Sabi'u, kuma har yau ban huce da wata Baturiya da ban taɓa gani ido da ido ba.

A Rasha ya yi karatun likita. Can ya samo kaset na wani tsohon fim marar kala, ya yi ta yawo da shi har gidanmu na Malaz a nan Riyad. Labarin wani soja ne da aka kama a yaƙi aka tsare a sansani, da budurwarsa da ta bi sawunsa har bakin shinge. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci an ci shinkafar kabsa, sai ya kunna. Ni ko "zo" ba na ji da Rashanci, don haka shi ne tafintana.

Mutumin nan kunya ba ta taɓa barinsa ya kira sunana ba, sai dai Maman Hanan. Amma da sojan ya dafa shingen nan ya buɗe baki, sai Hausa mai daɗi ta dinga zuba daga bakin Dakta. Wai tunaninki ne bargona a wannan sanyi, wai in babu ke ban ga amfanin a sake ni ba. Idonsa na kan talabijin, ni ina gefe ina cika ina batsewa. Na sha ce masa ashe bakin na iya zaƙi, a kan Turawa dai ake kashe shi. Sai ya yi murmushi ya ƙara sauti. Kishi nake, kuma ban ɓoye ba.

Watan jiya 'yarmu Hanan, wadda Larabcinta ya fi Hausarta, ta nemo mini fim ɗin a waya da fassarar Larabci a ƙasa. Da aka zo wurin shingen sai ta tsayar.

"Mama, ba haka Baba yake faɗa ba fa. Safa sojan yake roƙo ta kawo masa, da taba."

Muka sake dubawa. Babu bargo, babu komai. Ashe duk maganar Dakta ce, ya ɗora wa sojan mutane. Da yana raye ya ga waya ta ƙwace masa aiki ta kuma tona shi, na san asibiti zai gudu ya ce an kira shi.

Hanan ta ce ai da ni yake. Ni ban sani ba. Ya daɗe a ƙasar can kafin ya san ni, kuma bai taɓa juyowa ya dube ni yana faɗa ba. Wannan ne ke cina, ga shi wanda zan tambaya yana kwance. Allah Ya jiƙansa.

Na dai sa ta cire rubutun, na koma gefen da na saba zama, ina bin kalmomin Dakta da ka. Ko ma wa ya tanadar wa su, da Hausa ya faɗe su, kuma Baturiya ba ta jin Hausa.