Kaluluwar Wuyan Kaka

Abin da na fara lura da shi a barandar asibitin Maraɗi shi ne, duk matan da ke kan benci masu ciki ne, ban da Kaka. A shekarun casa'in ɗin nan na'urar hoton cikin jiki guda ce, kuma mu a Madarumfa da duba jarirai kaɗai muka san ta.

Wata ta matsa mana wuri, ta dubi furfurar Kaka. "Iya, wata nawa?"

"Ke dai bari, ɗiyata. Nawa a wuya ya zauna."

Aka yi dariya. Ni na sunkuyar da kai ina kallon faso a dugadugan Kaka.

Bara aka cire mata nono ɗaya saboda ciwon daji. Da kaluluwa ta fito ƙarƙashin kunnenta, wanzami ya yi tsaga, ba ta saɓe ba. Likitan garinmu ya ce a zo a gani ko ciwon ne ya hauro. Baba yana girbi, sai aka haɗa ta da ni, tunda ina lakkwal, makarantar boko, ina jin Faransanci.

A cikin ɗakin hoton Kaka ta fara kwance zani, kamar yadda ta ji masu ciki suna yi. Malamar asibitin ta riƙe hannunta a hankali, ta ce kallabi kawai da layun wuya. Kaka ta daɗe kafin ta cire layun, ta damƙa mini. Fatarsu da ɗumi.

Likitan hoton, Bazabarme ne marar jin Hausa, ya shafa mata wani mai kamar koko mai sanyi, ya riƙa zagaya wuyan da ɗan abu kamar sabulu. A allon na'urar na ga toka-toka, sai wasu baƙaƙen ƙwallaye a jere kamar gujjiya a kwasfa. Ya tsaya a kansu. Ya koma ɗaya gefen, inda ba ta taɓa cewa yana ciwo ba, nan ma ya tsaya.

Ya yi mini bayani da Faransanci a hankali, yadda ake yi wa babba. Na gane duka.

Kaka ta juyo, man yana gangara mata a kafaɗa. "Mi ya gani, 'yar lakkwal?"

Ban taɓa faɗa mata abin da ya fi "abinci ya nuna" nauyi ba. Na kama gefen rigar malamar.

"Don Allah, Inna, ki gaya mata ke. Ni in riƙe mata hannu."