Akwatin da Uzairu Ya Ƙi Rufewa

Ƙanena Uzairu matsoraci ne, kuma ba gulma nake yi ba, ko a gabansa zan faɗa. Ba maciji yake tsoro ba, ba ɓarawo ba. Mantuwa yake tsoro. Tun yana yaro in an aike shi sayen gishiri sai ya dawo da ashana, har mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya laƙaba masa Malam Sha'afa. Muna ta dariya, shi ma yana taya mu, har shekarar da ya fara kiwon kaji a bayan gidanmu na Kibiya. Wata rana da bazara ya rufe musu ɗaki ya tafi kasuwa bai zuba ruwa ba. Da ya dawo ya buɗe ƙofar nan, ni ce a bayansa. Ba zan faɗi abin da muka gani ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa da wannan suna.

Da ya gama karatun aikin gona ya dawo gida, yana duba wa mutane gonaki yana kuma noma tamu ta gado da ke Unguwar Gai, sai ya samo wa mantuwarsa magani. Wata manhaja ce a waya, ba hoto, ba kala, rubutu ne zalla. Ni da nake ɗinki, idona ya saba da ado, na ce masa, "Kai yanzu duk manhajojin duniya ka rasa wadda za ka ɗauka sai wannan mai kama da wankakken allo?"

Ya ce, "Yaya, wannan ko babu sabis tana buɗewa. Ko wayar ta faɗa rijiya, in na tura fayil ɗin wani wuri, kowace waya za ta karanta shi."

Ga yadda abin yake. Kowane aiki layi guda ne, a farkon layin kuma akwai ɗan akwati, baka biyu da fili a tsakaninsu. In ya gama aikin sai ya sa kuros, wato alamar X, a cikin akwatin. Kullum da safe sai ya danna wani wuri, manhajar ta bi duk rubuce-rubucensa, na gona da na gida, ta tsamo layukan da akwatinsu ke buɗe, ta fitar masa da su a shafi guda. Wanda aka yi wa kuros ba ya ƙara fitowa, an gama da shi ke nan. Shafin nan shi ne ubangidan Uzairu. Abin da ya ce shi yake yi. Wallahi na taɓa leƙawa na ga "gai da Yaya Bara'atu" a tsakanin sayen taki da gyaran famfon feshi. Na ce, "Au, ashe ni ma aiki ce?" Bai ko yi murmushi ba, wai gara haka da ya manta.

To, akwai Baffa Bello. Bafulatani ne, rugarsu na gabas da gonarmu, aminin mahaifinmu ne tun suna samari. Mahaifiyarmu ta rasu Uzairu na goye, madarar garken Baffa Bello ce ta raya shi, kullum da sassafe ake kawo ta a ƙwarya ba a taɓa karɓar ko sisi ba. Kowace kaka in mun kwashe dawa, shanunsa ne ke shiga su ci kara su bar mana taki. Ba a rubuta ba, ba a yi shaidu ba, haka muka taso muka tarar.

A bara wakenmu ya lalace. Tsutsa ta shige shi tun yana fure, Uzairu ya yi feshi ya yi feshi har ya gaji. Da ya fid da rai sai ya taka har ruga ya ce wa Baffa Bello, "Baffa, waken nan ba zai yi ba. Ranar Alhamis a saki shanu su cinye shi, ganyen ma kada ya tafi a banza." Baffa Bello ya sa masa albarka.

Sai ranar Talata wani mai sayar da magani ya nuna masa wata kwalba, ya rantse masa ko tsutsar ta shekara a ciki sai ta faɗo. Zuciya da kwaɗayi, Uzairu ya ce bari ya gwada na ƙarshe. Ya goya famfo ya feshe gonar nan kaf. Ya san sarai dabbar da ta ci ganyen a kwanakin nan ba lallai ta tashi ba, don haka tun a bakin gona ya rubuta layin: a gaya wa Baffa Bello kada shanu su shiga wake. Ya kira wayar Baffa, a kashe. Dama kullum a kashe take, ruga ba wuta.

Da niyyar ya wanke jiki ya wuce rugar ya dawo gida, sai ya tarar da surukinsa a ƙofa, Malam Ramalan, mahaifin matarsa Mufida. Dattijon kirki ne, kanwa da dusa yake kai wa Fulani. Uzairu ya durƙusa ya gaishe shi, maganar ta fito. Malam Ramalan ya ce, "Haba, don wannan za ka koma? Ka ga idonka ya yi ja. Bar mini, gobe da sassafe ta can zan bi."

Uzairu ya yi godiya, ya shiga ɗaki, ya sa wa akwatin kuros.

Daga baya na tambaye shi dalili, har da ɗaga murya. Abin da ya ce mini shi ne, "Yaya, in na bar shi a buɗe, gobe zai fito mini a shafi. In ya fito dole in bincika. To, in je in tsaya gaban surukina in ce masa, Baba ka kai saƙon kuwa? Da wane bakin?" Ku ji fa. Kunya ce ta rufe akwatin, ba aiki ba.

Kafin magariba maganin nan ya kama shi kansa. Amai, jiri, gumi, yawu na zuba. Mufida ta kira ni tana kuka. Da na iso ana ƙoƙarin sa shi a mota, amma yana ta danne-danne a waya. Na daka masa tsawa, "Ajiye abin nan, don Allah!" Ashe ayyukansa yake fitarwa. Ya turo mini shafin, ya ce da ƙyar, "Yaya, duk abin da ya rage yana nan." Aka wuce da shi asibiti a Rano.

Ranar Laraba na bi shafin nan layi-layi kamar mai biya karatu. Na kai wa wani manomi iri, na sa an kwashe buhunan dawa daga rana, na ba awaki magani. Tsoro ne ya sa ni, gani nake in na bar ko ɗaya, ƙanena ba zai tashi ba. Na gama tas, har ina jin daɗin kaina.

Ranar Alhamis da hantsi ya dawo hayyacinsa sosai. Muna zaune ni da Mufida, yana kurɓar kunu, sai ta ce, "Baba ya ce a ba ka haƙuri bai zo duba ka ba. Tun asubahin jiya aka kira shi, amininsa ya rasu a Lausu, yana can wajen zaman makoki."

Kofin ya tsaya a hannun Uzairu. Na ga fuskarsa ta koma irin ta ranar kajin nan.

Ya ce, "Tun asuba?"

Ta ce, "Ko karyawa bai yi ba."

Ya juyo gare ni. "Yaya, yau wace rana?"

"Alhamis mana."

Ya ce, "Shanun Baffa." Sannan ya zayyana mana komai, muryarsa na katsewa.

Na zaro wayata na sake duba shafin, na ce, "Ai babu shi a nan!" Ya ce ya sani, ya rufe shi. Na ce to a kira Malam Ramalan yanzu a ji, ko ya aika wani. Kun san abin da mutumin nan ya ce, yana kwance ana ƙara masa ruwa? Wai, "Yaya, yana cikin makoki, da kunya." Na fizge wayar Mufida na ce, "Kunyar gidanku! Ni ba surukina ba ne."

Malam Ramalan ya ɗauka. Na gaishe shi a gurguje, na yi masa ta'aziyya, na tambaya. Sai na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bara'atu, rasuwar nan ta ɗauke mini hankali. Wallahi ban je ba."

Ban san lokacin da na fita ba. Na bar Uzairu yana neman lambar wani malamin dabbobi, na tare ɗan acaɓa a bakin asibiti na ce, "Unguwar Gai, kuma kada ka tsaya ko gaisuwa." Ni da nake zagin 'yan acaɓa a kan gudu, ranar ni ce nake dukan kafaɗarsa ina cewa ya ƙara. Ina kiran wayar Baffa Bello, a kashe. Na sake kira, a kashe. Duk addu'ar da na iya na karanta, wata ma na haɗa farkonta da ƙarshen wata. Abin da nake gani a idona kawai shi ne garken nan kwance a cikin wakenmu, da dattijon da ba shi da komai a duniya sai su, kuma mu ne muka gayyace shi da bakinmu. Ina tsoron mutuwar shanun, ina kuma tsoron idon Baffa Bello fiye da haka.

Tun daga nesa na hango fararen bayansu a cikin gonar. Na yi tsalle daga babur tun bai gama tsayawa ba, takalmi ɗaya ya fice, ban waiwaye shi ba. Ina gudu ina ihu, "Baffa! A fitar da su! Akwai guba! An yi feshi!"

Yana tsaye a gindin ɗorawa, sanda a kafaɗa. Bai tambaye ni komai ba. Ya yi wani irin kira da harshensu, ya shiga gonar da gudun da ban zaci yana da shi ba. Ni da ɗan acaɓa muka karyo reshe muka bi ta ɗaya gefen. Ni da ko tunkiya ban taɓa kora ba, ga ni a tsakiyar ƙahoni ina kuka ina duka. Muka fitar da su kan burtali.

Ba su daɗe da shiga ba, Allah ya taimaka ya tsaya shayar da su a rafi. Amma wasu sun ci. Muna tsaye sai wata ta fara dalalar da yawu, wata jikinta ya hau ɓari. Kowace na kalla sai in ga kamar ita ma ta fara. Malamin dabbobin ya iso bayan azahar ya yi ta allura, ya ce yawancinsu za su tashi.

Banda guda. Wata babbar saniya ce mai tsohon ciki, ita ke jan garken, ita ta fara shiga, ita ta fi ci. Ta durƙushe, ta kwanta, numfashinta na fita da ƙyar. Baffa Bello ya tsuguna ya ɗora kanta a cinyarsa yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Da ya ga ba dama sai ya zaro wuƙa, don kada ta tafi mushe. Malamin dabbobin ya kalle ni, na kalle shi. Ni ce dai na buɗe baki.

"Baffa, ko an yanka ba za ta ciwu ba. Sai dai a binne."

Ya daɗe yana kallon wuƙar, sannan ya mai da ita kube. Muna nan har ta daina motsi. Na durƙusa ina jiran abin da zai ce, na shirya wa zagi, na shirya wa tsinuwa. Ya share hannunsa a jikin riga ya ce, "Jikar wadda ta shayar da shi ce." Ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya ce, "Shi yaron, yaya jikin nasa?"

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Uzairu ya warke. Ranar da aka sallame shi bai shiga gida ba sai da ya je ruga. Malam Ramalan ma ya je da ƙafarsa. Baffa Bello ya ce ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare, ya hana a ƙara tayar da zancen. Uzairu bai taɓa yi wa surukinsa maganar ba, shi ma bai yi masa ba, suna gaisawa kamar da.

Yanzu in ya ba wani sallahu ba ya rufe akwatin, sai ya rubuta sunan mutumin a ƙarshen layi ya bar shi yana fitowa har sai ya tabbatar. In babba ne wanda yake jin nauyi, ni yake turowa in tambaya, tunda ni ce marar kunyar gidan. Ina yi masa tsiya, amma ina zuwa.

Bana ma mun kwashe dawa, shanun Baffa Bello sun shiga sun ci kara. Ran nan Uzairu ya kawo mini ɗinki, ya ajiye wayarsa a kan keken ɗinkina, shafin safiyar a buɗe. Layin farko, sama da taki, sama da komai, an rubuta: ba wa Baffa Bello haƙuri. Akwatin a buɗe.

Na ce, "Kai, wannan fa? Sau nawa za ka je? Ai ya ce ya yafe."

Ya ɗauki wayar ya sa a aljihu. Ya ce, "Na sani, Yaya. Kullum da safe sai in kai hannu zan sa kuros ɗin, sai in kasa."