Kunun da Yaya Ya Ce Ba Namu Ba Ne

Abin da dangi suke faɗa a kaina ba haka yake ba. Wai na je otal ɗin manya a Nassarawa GRA, na ga cokali mai yatsu na ruɗe, na kasa cin abincin Larabawa, shi ne na tayar da bori sai an kawo min kunu. Gwaggona ma cewa take hassada ce, ina baƙin cikin Allah ya ɗaga yayana. To, abincin Larabawa na ci, har ƙari na yi, kuma da daɗi. Cokalin ma tun a makarantar kwana na iya riƙe shi. Ni a kan fulas ɗin Inna na yi faɗa.

Tun ina firamare Baba ya rasu. Daga shekarar, duk ranar azumi Inna sai ta dama kunun tsamiya da hannunta, da citta da kanumfari yadda yake so, ta fitar sadaka da niyyar ladan ya kai masa. Kuma ba ta sa komai a bakinta sai ta ga wani mai azumi ya kurɓa. Malamin unguwarmu ya sha gaya mata gaggauta shan ruwa shi ne sunna, ta ce to, ta ci gaba da abinta. A unguwarmu Tudun Murtala ba a taɓa samun matsala ba, don kafin ladan ya kai ƙarshen kiran salla masu gyaran babur na ƙofar gidanmu sun miƙo kofuna.

Shekarar da na gama sakandare Yaya ya samu shiga. Shi ne ɗan farin Inna, kuma shi ne ya zama mai riƙe wa wani Honorabul jaka da waya. Zaɓe na ƙaratowa, sai Honorabul ya gayyaci yaransa da iyayensu shan ruwa a otal. Wurin a da mashaya ce, kowa ya sani. Da Shari'a ta zo aka kwashe kwalabe, aka shimfiɗa dardumai, aka rataya fitilu masu launi, aka ɗauko mai dafa abinci daga ƙasar Larabawa.

Inna ba ta so zuwa ba. Ta shirya ne don kada a ce uwar wane ce kaɗai ba ta zo ba. Ta dama kununta tun la'asar, ta juye a jan fulas ɗin nan mai tsagaggen murfi, ta ce a can ma ai ba za a rasa mai azumi ba.

A bakin zauren cin abinci akwai kanta, da wata mata a bayanta tana duba sunaye. Daga rashin ɗankwali da ɗan gicciye a wuyanta na gane Kirista ce, daga Hausarta kuma na gane ’yar Zariya ce. Ta gaishe da Inna har da rusunawa, sannan ta ce, "Mama, a yi haƙuri, ba a shiga da abincin waje. Bari in ajiye miki a nan."

Kafin Inna ta ce wani abu sai ga Yaya ya fito da babbar riga, Honorabul na bayansa da mutane. Honorabul ya kalli fulas ɗin a kan kantar ya yi dariya. "Kai, wa ya zo mana da guzuri? Tsoro ake kada mu bar mutane da yunwa?"

Yaya ya ce, "Ba namu ba ne, ranka ya daɗe. Na direba ne."

A gaban Inna ya faɗa. Fulas ɗin da ya sha kunu a cikinsa har ya yi gemu.

Inna ta kawar da kai. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi, kunyar ɗan fari. In tana son abu a wurinsa ni take aika. Shi kuma ya san haka sarai, ya san ba za ta buɗe baki ta ƙaryata shi a gaban maza ba. Wannan ne ya fi ƙona min rai.

Aka zaunar da mu. Sanyi kamar a cikin firji. Dogon teburi ya ɗauki abinci tun daga wannan bango har wancan: shinkafa mai ƙamshi da rago kwance a kai, sambusa, gasassun kaji, miyar wake ja, burodi falle-falle, dabino iri uku. Kowa da kansa zai ɗiba. Tun kafin a kira salla mutane sun tsaya a layi da faranti biyu-biyu, ana ture juna da manyan riguna.

Aka saki kiran salla a lasifika. Zauren ya kaure da ƙarar cokula. Na jefa dabino a baki, na kurɓi ruwa, na waiwaya. Inna na zaune da dabino ɗaya a tafin hannu, ta rufe shi da yatsu. Leɓenta ya bushe har ya yi fari.

"Inna, ki ci mana."

"Ci abinki. Ni ba na jin yunwa."

Na miƙe na je wurin Yaya, yana tsaye a bayan kujerar Honorabul da waya biyu a hannu. Na ce a hankali, "Yaya, Inna ba ta sha ruwa ba. Ka san dalili."

"Ke, ba yanzu ba. In mun koma gida ta yi sadakarta."

"In mun koma gida wa ya rage da azumi a bakinsa?"

"Wallahi kika kunyata ni a nan sai na ɓaɓɓalla ki. Koma ki zauna."

Ban koma ba. Na wuce kai tsaye wurin matar kantar nan. Na ce, "Anti, ba ni fulas ɗin. Namu ne, ba na direba ba ne. Sadakar mahaifina ce, kuma tsohuwar can ba za ta sha ko ruwa ba sai wani ya sha."

Ta dube ni, ta leƙa zauren. "Ai na san naku ne, ƙanwata, a hannun Mama na karɓa." Ta sunkuya ta ɗauko shi, ta haɗa min da ƙananan kofunan shayi na gilashi guda huɗu. "In an tambaye ni, ban ga lokacin da kika ɗauka ba. Kuma in masu azumi kike nema, dubi masu fararen rigunan can. Ba a barinsu su sa komai a baki sai baƙi sun gama."

Sai a lokacin na lura da su. Ma'aikata sun fi goma, suna kai da kawo da tire, suna zuba wa mutane lemo. A otal ɗin da ya rubuta falalar ciyar da mai azumi da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa. Akwai wani dattijo mai furfura a gefen teburin nama, yana yanka rago yana zuba wa mutane, yana haɗiyar busasshen yawu.

Na ratsa tsakiyar zauren da jan fulas ɗina, ban bi ta gefe ba. Na dire shi kusa da ragon, na tsiyaya, na miƙa masa. "Baba, ga sadaka."

Ya kalli hagu, ya kalli dama. Ya karɓa da hannu biyu, ya tsuguna a bayan teburin, ya yi bisimilla ya shanye. "Allah ya kai ladan kabari, ’yata. Na wa ne?"

"Na mahaifina."

"Allah ya jiƙansa."

Na juya. Inna ta sa dabinon a bakinta.

Da a nan aka tsaya da ban riƙe kowa a zuciya ba. Manaja ya taso yana surfa Turanci da Larabci, Yaya ya damƙe min hannu har sai da awarwarona ya lanƙwashe. Sai Honorabul ya ɗaga murya daga kujerarsa. "A'a, ku ƙyale ta! Kunun tsamiya ne? Kawo nan, ’yammata. Mu ai talakawa ne, da shi aka yaye mu."

Aka yi ta dariya ana tafi. Ya karɓi fulas ɗin, ya sa aka jero ma'aikatan, ya kira mai hoto. Yana tsiyaya, ana ɗauka. Dattijon nan ma sai da aka dawo da shi ya sake riƙe kofi, wai hoton farko bai fito ba. Yaya kuwa, da bakinsa, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce, "Ai mahaifiyata ce ta dama, ranka ya daɗe. Musamman domin kai."

Fulas ɗin direba ya zama na mahaifiyarsa, sadakar Baba ta zama ta Honorabul. Na koma na zauna na cika faranti da shinkafa da rago, na ci don haushi, na ƙara. Abin da dangi ba sa faɗa ke nan.

A mota Inna ta rungume fulas ɗin a cinya, babu komai a ciki. Har muka iso gida kalma ɗaya ta ce, ita ma da ni take: "An dai sha."

Washegari Gwaggo ta zo da saƙo biyu. Na farko, in je in durƙusa in ba Yaya haƙuri, tunda Allah ya rufa asiri Honorabul mai sauƙin kai ne. Na biyu, Yaya ya ce Honorabul ya yaba, yana so Inna ta riƙa dama babbar tukunya kullum har salla, za a kawo gero da sukari da robobi masu hotonsa, a raba a mazaɓa.

Inna ta sunkuyar da kai tana tsince tsamiya. Na san ba za ta iya aika wa ɗan farinta da a'a ba. Don haka ni na amsa.

Na ce, "Gwaggo, ki gaya masa Inna ba ta dama wa mai rai kunu. In Honorabul na so, ya bari ya mutu tukuna."

Gwaggo ta yi salati ta ce bakina zai kai ni ya baro. Na ce haƙuri kuma, ranar da ya zo ya tsuguna a gaban Inna ya faɗi na wane ne fulas ɗin, ranar zan ba shi nawa.

Da ta tafi na ce wa Inna daga yau ta ƙara gasara, ta dama fulas biyu. Ɗaya na masu gyaran babur. Ɗayan ni zan hau adaidaita da shi bayan la'asar, in kai wa Anti ta ƙofar baya, ta ajiye wa dattijon da abokan aikinsa inda manaja ba ya leƙawa.