Katin Asibitin Da Ya Kai Mu Gwallaga

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Azare a motar haya, ni da abokan aikina biyu, dukkanmu ma'aikatan jinya a sashen masu taɓin hankali. Hanyar Misau zuwa Darazo ba laifi, sai dai direbanmu irin masu ganin birki ado ne. Ni dai jakar takardu na rungume. Shekara biyu muna neman tallafin bincike kan yadda majinyatanmu ke rayuwa bayan an sallame su. Masu ba da tallafin sun ce shawarar ta yi, amma ba su yarda za mu iya gano mutanen ba. Sai suka turo wata likita daga Abuja ta gani da idonta. In mun kasa, magana ta mutu.

Da hantsi muka same ta a Bauchi, muka fara kai ta wajen mai masa. Masar ta ƙara kuɗi ta kuma ƙanƙance, amma miyar tana nan yadda na san ta. Likitar ta zari katin asibiti ɗaya cikin waɗanda muka zo da su. Na wani saurayi ne da muka yi jinya, danginsa suka dawo da shi Bauchi. Adireshin kawai, "Gwallaga, bayan masallaci." Ga shi kuwa a unguwar Gwallaga kowane lungu da masallacinsa.

Mai Keke Napep ya sha yawo da mu har ya fara tausaya mana. A masallaci na biyar wani dattijo ya nuna mana gidan wasu Fulani da suka daɗe da zama gari. Mu mata muka shiga, namijin cikinmu ya tsaya a zaure. Bayan gaisuwa likitar ta kira sunan da ke katin, ta tambayi uwar yaya jikinsa. Matar ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe, ko uffan. Na ga likitar ta zaro biro za ta rubuta an ƙi mu.

Na dafa hannunta, na ce, "Inna, ɗan fari ne?"

Ta rufe baki da mayafi tana murmushi. Ashe kunya ce. A irin gidan nan uwa ba ta ambaton ɗan fari, balle ta ba da labarinsa. Na nemi goggonsa. Ita kam ta zazzage mana komai: da ya ji sauƙi ya bar magani, ciwon ya dawo, tun daga nan ita ke tsayawa a kansa kullum sai ya haɗiye. Ta yafa gyale ta kai mu shagon da yake ɗinki.

Saurayin ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce min, "Hajiya, wai da ƙafarku kuka zo? Wallahi tun da aka sallame ni ba wanda ya ce min yaya jiki, sai dai a leƙo a ga ko abin ya motsa."

Likitar ta daɗe tana rubutu, ni kuwa hawaye nake ɓoyewa.

Bayan magariba muka iso gida, jiki duk ya yi tsami. Sati uku sai ga saƙo an amince. Ban ɓoye ba, na yi alfahari, don abin da ya cece mu ba a aji muka koya ba, a gidajenmu muka tashi da shi. Tafiyar ta nuna min mu dai sallama muke yi, jinyar gaske a gida take farawa. Shi ya sa muka ƙara tambaya ɗaya a farkon takardar binciken: a gidan nan, wa ke ba shi magani?